Kalmar da Ƙarama Ta Dawo da Ita

A gidanmu na unguwar Mayo Gwoi a Jalingo Hausa ake yi, ko da yake babu Bahaushe ko ɗaya a cikinmu. Baba Mumuye ne, Mama 'yar Kona ce, kuma babu mai jin yaren wani, don haka da Hausar kasuwa suka nemi juna, da ita suka raine mu. Har Baba ya tsufa bai daina ce wa mace "shi" ba. Maƙwabciyarmu kuma, wata dattijuwar Bafulatana da muke kira Goggo, takan fara zance da Hausa ta ƙarasa da Fulatanci ba ta ma sani ba. Cikin wannan cakuɗar ƙannena 'yan biyu suka taso, dukansu mata, kuma da lokacin buɗe bakinsu ya yi sai suka ƙi ɗaukar ko ɗaya daga harsunan da ke kewaye da su. Nasu suka ƙera.

Babba da Ƙarama muke ce musu a gida. Suna jin Hausa sarai, don in an aike su za su je, in an tsawata za su bari. Amma amsarsu ba ta wuce kalma ɗaya ko gyaɗa kai. Da zarar sun juya ga juna kuwa sai baki ya buɗe, su yi ta zuba kamar an kama tashar wata ƙasa a rediyo. A lokacin da nake magana sun haura shekara huɗu, ni kuma ina da sha uku. Farkon shekarun casa'in ne, ba a daɗe da mayar da Jalingo babban birnin jiha ba.

Ni ke yi musu wanka, ɗaki ɗaya muke kwana, shi ya sa na tsinci ɗan abin da na tsinta. Ruwa "ndi" suke ce masa, na tabbata daga bakin Goggo suka gutsuro shi. Abinci "mum". Ƙarar gudumar Baba, wanda kafinta ne, ita ce "kwam", kuma duk wani bugu ko aikin gini sunansa ke nan. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne kalmominsu ba su da yawa, amma ba sa rasa sunan komai, saboda sun iya liƙa wa kalma wutsiya. In suka ƙara "ko" a ƙarshe, mutum ke nan mai yin abin: Mama ce "mumko", mai turo mana kurar ruwa shi ne "ndiko". In suka ƙara "lu", wuri ke nan: madafa "mumlu", randa da rijiya da kogi duk "ndilu". Na taɓa faɗa wa Mama wannan muna tsince shinkafa, ta yi dariya.

Baba ba ya dariyar abin ko kaɗan. A coci an fara ƙus-ƙus, wasu na cewa yaran ba su cika ba, wasu matan zumunta na cewa 'yan biyu dama da nasu suke zuwa, a dage da addu'a. Duk ranar da irin wannan maganar ta iso kunnensa sai ya dawo gida fuska a murtuke. In ya ji suna yarensu ya daka tsawa, wani lokaci har da ranƙwashi, ya ce a gidansa ba a yin maganar da uban gida ba ya ji. Suka koyi yin tsit in sun ji ƙarar kekensa a ƙofa.

Ranar wata Asabar ce cikin bazara, zafi kamar ya dafa mutum. 'Yan kwanaki kafin nan an yi ruwa a kan duwatsu, kogin da ke ƙasan unguwarmu ya kawo ruwan farko, ja wur, ya cike ramukan da masu ɗiban yashi suka haƙa. Tun ranar iyaye ke ta jan kunnen yara. Na dawo daga injin niƙa da hantsi, ina sauke kwano Mama ta tambaye ni ina na baro 'yan biyu. Na ce ai ba su bi ni ba. Ta ce to suna wajen Goggo. Goggo ta ce tun safe ba ta ga ƙeyarsu ba, ita ta ɗauka suna gida.

Muka bi lunguna muna kira. Na leƙa gidajen da suka saba shiga, na duba bayan shagon mai gyaran rediyo, na duba gindin mangwaron da yara ke taruwa. Babu wanda ya gan su. Muna komawa ƙofar gida sai ga wata mai tallar doya, tire a ka, ta saɓo Ƙarama a kafaɗa. Ban san matar ba, amma ita ta gane yarinyar, ta ce tana ganinsu a coci. Da tata Hausar kasuwa ta ce wa Mama:

"Wannan ba yarinya naka ba ne? Na same shi a bakin kwalbati, hanyar Majidaɗi, yana ta kuka yana juyawa."

Mama ta karɓe ta, ta duba bayan matar, ta ce, "Ina ɗayar?"

Matar ta ce ita ɗaya ta gani.

Ƙarama ba takalmi, ƙafarta ɗaya ta yanke, kuka ya ci ƙarfinta har sai shessheƙa. Mama ta durƙusa ta riƙe kafaɗunta tana tambayarta ina 'yar'uwarta, ta tambaya da Hausa, ta tambaya da yaren Kona, ta girgiza ta. Yarinyar ta buɗe baki, shessheƙa ta haɗiye rabin abin da ta faɗa, muka ji ƙarshen: "ndilu". Mama ta ɗago ta dube ni, don ta tuna. Wani ya ruga ya duba rijiyar gidan, ya tarar da murfinta a rufe da kwaɗo. Saura kogi ke nan. Aka ce wa Ƙarama ta nuna hanya, ta nuna gabas, aka sake tambaya ta nuna kudu, daga nan ta cusa kai a zanen Mama.

Ban taɓa ganin unguwarmu ta watse da sauri irin na ranar ba. An je an kira Baba daga shago, ya wuce ta ƙofar gida bai ko shigo ba. Maza suka ɗebi gora da igiya, mata suka bi Mama, har Goggo da ciwon gwiwarta. Aka ce ni in zauna da Ƙarama in wanke mata ciwo. Mai doya ma ta bi su, ta bar tirenta a tsakar gidanmu.

Gida ya yi shiru. Na zaunar da ita a kan turmi, na ɗebo ruwa ina wanke ƙafar. Gwiwoyinta da tafin hannunta sun yi fari da wata irin ƙura, babu laka a jikinta ko kaɗan, amma a lokacin ban tsaya tunanin haka ba. Shessheƙar ta ɗan lafa. Ta kama wuyan rigata ta jawo ni, ta faɗi kalmar a hankali, kamar mai yi wa kurma magana.

"Zendilu."

Na ce, "Ndilu?"

Ta girgiza kai da ƙarfi. "Ze. Zendilu."

Na san na taɓa jin wannan "ze" ɗin, amma ban taɓa kula da shi ba, don ni wutsiyoyin na sani, ban san suna liƙa wani abu a gaban kalma ba. Na tsuguna ina lalube a kaina. Abin da ya fara zuwa mini shi ne ɗan tsakon da shirwa ta yar a tsakar gida. Kaza "kuku" suke ce mata, kuma da suka tsaya a kan gawarsa Babba ta ce "zekuku". In "ze" mutuwa ce, to yarinyar nan gaya mini take an gama. Na zauna daɓas a ƙasa, na kasa ko kuka.

Amma kalmar ta ƙi zama daidai a kaina. Ba a jikin 'yar'uwarta ta liƙa "ze" ba, a jikin wurin ruwa ta liƙa shi. Sai na tuna wani abu kuma: in sun cinye tuwo, Babba takan kife kwano ta ce "zemum", har Mama ta ɗauka cewa take a ƙara. Na tuna ranar da batirin rediyon Baba ya ƙare suna ta nuna shi suna faɗin wata kalma mai farawa da "ze". Kwano bai mutu ba, rediyo bai mutu ba. Abin da ke cikinsu ne ya tafi.

Na tashi na jawo bokitin da nake wanke mata ƙafa, na nuna mata. Ta ce "ndilu". Na tuntsurar da ruwan a ƙasa, na nuna mata cikinsa wayam. Ta miƙe tsaye a kan ƙafar mai ciwo, ta ce "zendilu", sannan ta haɗa yatsu biyu ta ƙara, "zendiluti". Ta ture bokitin, ta ware hannuwanta iya warewa, ta ɗaga su sama, ta ce "zendilugam". Ƙarami ta kira bokitin. Wanda take nufi babba ne, ya fi ta tsawo nesa, kuma babu ruwa a ciki.

Wurin ruwa babba wanda ya bushe. Tsohuwar rijiya ce? Tanki ne? Irin waɗannan ba su ƙirguwa a garin. Na tambaye ta a ina, ta zuba mini ido kawai. Sai na canza hanya, na tambaye ta wurin wa suka tafi, ina jero mata mutanen da na san sunansu a yarensu. Na ce "mumko", ta girgiza kai. Na ce "ndiko", ta girgiza. Na haɗa "kwam" da "ko" da kaina, ban ma tabbata suna faɗin haka ba, na ce "kwamko". Nan ta sake fashewa da kuka tana gyaɗa kai.

"Kwamko. Kwamlu." Ta ja numfashi. "Zekwamlu."

Ashe Baba 'yan biyun suka tafi nema a wurin aiki, suka tarar wurin aikin babu aiki. A shekarun nan duk inda ka juya a Jalingo gini ake yi, saboda ma'aikata sun cika gari ana neman wurin zama. Da yawa kuma an fara an tsaya, bango ya kai linta, wato saman ƙofa, an bar shi, ciyawa ta cinye. Kowane irin wannan gini yana da tankin ƙasa, wato ramin siminti da magina ke tara ruwan aiki. Na dubi farar ƙurar gwiwoyinta, sai a sannan na gane ta siminti ce.

Na goya ta, na ɗaure da zanen Mama da ke kan igiya, na fita a guje. Tun ina tsakar gida na ga gabas ta fara haɗa hadari, kafin in kai gangaren kogi iska ta taso tana kwasar leda da busasshen ganye. Yarinya 'yar shekara huɗu ba ta goyuwa ga mai sha uku, tana ta zamewa ina tallabe ta, numfashina kamar zai tsage mini ƙirji.

A bakin kogi mutane sun yi cincirindo. Maza sun jeru cikin ruwa, wasu iya ƙugu wasu iya ƙirji, suna caccaka gora a ramukan yashi. Mata biyu sun riƙe Mama, ba ta kuka, sunan Yesu kawai take maimaitawa. Baba na can tsakiya. Na yi ta kiransa iska na kwashe muryata, sai da Goggo ta taya ni da tata muryar mai kaifi sannan ya waiwayo. Ya fito ruwa na zuba daga jikinsa, idonsa jajir. Ya ɗauka wani abu ne ya sami Ƙarama.

Na gaya masa ba a kogi take ba. Na yi ƙoƙarin bayyana masa "ze" da "lu" da bokiti, amma maganar ta fito a hargitse, ni kaina da na ji ta na san ba ta yi kama da maganar hankali ba. Mutane suka kewaye mu. Wani dattijon cocinmu, mutumin kirki ne kuma tun ɗazu yake cikin ruwa, ya ce wa Baba kada ya bar kogi saboda gwarancin yara, in yarinyar na cikin ramin nan kowane jinkiri asara ne, ga hadari ya taso, in ruwa ya ƙaru ko gawa ba za a samu ba. Wasu suka ce gaskiya ne. Wani ya ce ai yarinyar da bakinta ta ce kogi.

Na ce, "Ba ta ce kogi ba. Kuka ne ya cinye farkon kalmar."

Baba ya tsaya yana dubana, yana duban ruwa. Na san abin da ke ransa. In ya tafi kuma tana nan, ba zai yafe wa kansa ba har ya mutu. Ya ce in sake faɗin kalmar ta biyu. Na ce "zekwamlu", wurin bugun guduma da aka daina aiki, kuma sun tafi neman "kwamko" ne.

Ya ce, "Wane ne kwamko?"

Na ce, "Kai ne, Baba."

Ya shafa fuskarsa da hannu, ya juya ya roƙi dattijon da su ci gaba da nema kada su daina, ya karɓi igiya a hannun wani, ya ce da mai doya ta zo ta nuna masa inda ta tsinci yarinyar. A hanya yake faɗa, kamar da kansa yake magana, cewa kafin Kirsimeti, lokacin da Mama ta kwanta asibiti, ya riƙa ɗaukarsu a keke zuwa wuraren aikinsa ta wajen Majidaɗi. Gini biyu ne, kuma duka an dakatar da su.

Ya karɓi Ƙarama ya saɓa a wuya, muka bi shi da gudu-gudu ni da matar. Gari ya yi duhu kamar magariba alhali azahar ba ta daɗe da wucewa ba. Masu shaguna na ta shigar da kaya. Muka wuce kwalbatin, ginin farko na nan kusa da titi. Tankinsa a fili yake, a buɗe, kuma da ruwa a ciki fiye da rabi, kore shar, ganye na yawo a kai. Baba ya dire Ƙarama, ya tsaya a bakin ramin.

Na ce masa ba wannan ba ne, wanda take nufi babu ruwa. Ko bai ji ni ba ko ya ƙi ji, ya dira ciki. Ruwan ya kai masa wuya. Ya riƙa bin bango yana lalube da ƙafa, ya nutse ya taso, ya sake nutsewa. Mai doya ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa ina kallon sama, don ɗigon farko ya faɗo mini a goshi, manya-manya masu nauyi. Na roƙe shi ya fito. Sai Ƙarama ta matso bakin tankin, ta nuna ruwan, ta dubi ubanta kai tsaye, abin da ba ta saba yi ba.

"Ndilu," ta ce. Ta nuna can bayan gidaje. "Zendilu."

Wannan karon da kunnensa ya ji bambancin. Ya kama bakin siminti ya fito.

Gini na biyu yana can ciki, bayan wani kwari, babu gidaje kusa. Kafin mu kai ruwa ya sauko sosai, iska na fizgar tsofaffin kwanukan rufi tana bugawa da bango. Wurin ya cika da busasshiyar ciyawa iya ƙugu da tarin bulo. Baba ya ce shi aikin sama ya yi, ba ya tuna ta ina tankin yake. Muka rabu muna kira. Baba na kiran sunanta da dukan ƙarfinsa, ni ma haka, mai doya na bubbuga ciyawa da sanda tana taka ƙasa a hankali kada ita ma ta rufta. Babu amsa, sai ƙarar ruwa a kan kwano. Filin gangare ne, na ga jan ruwa ya fara bin ƙasa yana gangarawa bayan ginin, na san duk inda ramin yake can ruwan zai nufa.

Na ɗauki Ƙarama na ɗora ta a kan tarin bulo, na ce ta kira 'yar'uwarta. Ta buɗe baki ta yi wani dogon kira, kalma ce da ban taɓa ji ba kuma har yau ban san ma'anarta ba. Muka yi tsit. Ta sake yi. Daga bayan ginin, ƙasa-ƙasa kamar daga cikin tulu, aka amsa da irin kiran.

Bakin tankin bai fi faɗin ƙofa ba, wani ruɓaɓɓen kwano ya rufe rabinsa, ɗaya rabin ya lotsa inda Babba ta taka. Muka leƙa. Tana zaune a lungu ta haɗa kai da gwiwa, ta rungume hannunta na hagu. Ruwa na kwarara ta bakin ramin yana bin bango, har ya rufe mata ƙafafu. Zurfin ya fi tsayin mutum ya ɗaga hannu. Da ta ga fuskar Baba sai ta ƙara maƙurewa a lungun.

Baba ya ɗaura igiya a ginshiƙin ginin, ya ja ya gwada, ya ce mu riƙe ta kada ta goge a bakin siminti. Ya sauka. Ban ji abin da ya ce mata ba, na dai ga ya durƙusa cikin ruwan ya daɗe kafin ta yarda ya taɓa ta. Na kwance zanen da na yi goyo da shi na jefa masa, ya goya ta kamar mace, ya ɗaure tam. Hawowar ce ta yi wuya. Bango ya yi santsi, igiya ta jiƙe, ya taho ya zame, yarinyar ta ƙwalla ƙara don hannun ya bugu. Mai doya ta kwanta rubda ciki a laka ta miƙa hannu, ni na riƙe ƙafafunta. Da ya sake tahowa ta cafki wuyan rigarsa, ba ta saki ba har sai da ƙirjinsa ya hau bakin ramin.

Muka fake a ɗakin da aka rufa rabinsa. Hannun Babba ya kumbura, ya lanƙwashe a inda bai kamata ba, goshinta ya fashe, amma tana numfashi, tana kallonmu. Ƙarama ta je ta zauna a jikinta, suka fara magana ƙasa-ƙasa, a gaban Baba, bai ce musu uffan ba. Sai ya tuna mutanen da ya bari cikin kogi ga ruwa na sauka. Ya ce in ruga.

Na tarar mazan sun fito da kansu, don kogin ya fara tumbatsa yana tafe da itace. Yawancin mutane sun fake a rumfunan masu yashi. Mama ce kawai ta ƙi barin bakin ruwa, Goggo na tsaye a kanta ta lulluɓa mata mayafinta. Na gaya mata an same ta, da ranta. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta sa na maimaita, sannan ta tambaye ni ko na taɓa ta da hannuna. Na ce na taɓa. Sai a lokacin ta fara kuka.

Karaya ce a hannun. Wani mai ɗori a Yelwa ya ɗaure shi da kara, ta yi makonni tana yawo da shi rataye a wuya. Da aka lallashe ta daga baya, ta faɗa da 'yar Hausarta cewa ta ji kiran Baba tun farko, tsoron duka ne ya hana ta amsawa. Mama ce ta gaya masa. Washegarin faruwar abin, bayan an taso daga coci, ya ɗebi katako a shagonsa ya je ya rufe bakin tankunan nan biyu ya buga ƙusa, bai nemi izinin kowa ba.

Bai sake dukansu a kan yaren ba, amma ba zan ce ya so shi ba. Da shekara ta kewayo ya sa su makaranta, ya roƙi malamai a raba musu aji. Daga nan abin ya fara zubewa. Kalmomin ne suka fara tafiya, maƙale-maƙalen suka daɗe: sai ka ji sun ce "karatulu" suna nufin makaranta, ko "zewuta" in an ɗauke wuta, har mu ma muka ɗauka muna faɗa. Kafin su kai aji uku wannan ma ya wuce. Sai da na shiga kwaleji na ji malamin Hausa na kiran irin waɗannan abubuwa ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, yana misali da maɗinki da maɗinka, na zauna ina mamakin yadda yara biyu da ake cewa ba su cika ba suka gano wannan a tsakar gida.

Yanzu dukansu sun yi aure, Ƙarama na aikin jinya, Babba na sayar da atamfa a kasuwa. Na sha tambayarsu ko suna tuna yaren, sai su yi dariya su ce ni nake ƙirƙira. Ƙarama ba ta tuna ranar sam. Babba ta ce ita abin da ya rage mata kaɗan ne: warin siminti, da wani ƙadangare da ya faɗa ramin tun kafin ita, wanda ya yi ta ƙoƙarin hawa bango yana zamowa. Ta ce shi ta yi ta kallo har aka zo, kuma ta daɗe tana jin haushin Baba don bai fito da shi ba.